Kullen ƙafa a jiujitsu: yadda za ka koya ba tare da ka rasa gwiwarka ko ta abokinka ba

Ƙarar ba ta da yawa. Kamar an karya ɗanyen rake a ɗaki na kusa, "ƙas", shi ke nan. Ina zaune a bakin katifa ina ɗaure yatsana da filasta lokacin da na ji ta. Wani yaro da bai cika wata huɗu da fara zuwa wurin atisayenmu ba ya kama diddigen wani da ya girme shi a wasan, kamun da ya kwana yana kallo a waya. Wanda aka kama bai ji zafi ba, don haka bai sallama ba, wato bai ba da alamar a sake shi ba, sai ya wuntsila da ƙarfi don ya zare ƙafarsa, kuma ya wuntsila ta ɓangaren da bai kamata ba. Ya tashi yana dariya, ya ce wa yaron, "Ƙanena, ba komai, targaɗe ne." Da ƙafarsa ya tafi gida. Kafin asuba gwiwar ta kumbura ta yi kamar ƙwarya, kuma sai bayan wata goma sha ɗaya muka sake ganinsa sanye da kayan wasa.

Babu mugu a cikinsu. Yaron ya san yadda ake murɗawa, bai san yadda ake riƙewa ba. Babban kuma ya saba da kullen hannu, inda zafi ke yi maka sallama kafin ɓarna ta iso. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma a ranar kowannensu da nasa ƙuƙumin ya zo. Abin da nake son ɗan wasa ya ɗauka daga wannan jagora shi ne jerin koyo: sallama da saki, sannan riƙo, sannan kuɓuta, sai a ƙarshe kammala kamu. Mafi yawan raunin da na gani daga wanda ya faro jerin nan ta wutsiya ne.

Me ya sa gwiwa ta bambanta

Idan aka miƙe maka gwiwar hannu fiye da kima, za ka ji tana ja, sannan zafi, sannan zafi mai tsanani. Akwai 'yar tazara da za ka yi shawara. Gwiwar ƙafa idan aka murɗa ta ba ta ba da wannan tazara sosai. An halicce ta ta lanƙwashe ta miƙe kamar ƙyauren ƙofa, juyawar da take iya yi kaɗan ce. Jijiyoyi huɗu ne manya ke riƙe da ita: biyu a ciki da suka gitta juna, ta gaba wadda likitoci ke kira ACL da ta baya PCL, sai ɗaya a gefen ciki, MCL, da ɗaya a gefen waje, LCL. Tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri kuma akwai guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata da ke zama matashi.

Wanda ya kama diddigenka ya samu dogon mariƙi, kamar makanike da ya zura bututu a kan sifana don ya kwance noti mai taurin kai. Motsi kaɗan a diddige yana zama babban ƙarfi a gwiwa. Abin da mutum ke ji kafin jijiya ta tsinke sau da yawa matsi ne kawai, ko ɗan ja a gefen gwiwa. Duk wanda ke jiran zafi kafin ya sallama, to yana jiran labarin abin da ya riga ya faru ne. Sannan ACL idan ta tsinke gaba ɗaya ba kasafai take haɗewa da kanta ba. Ɗan wasan da aka yi wa tiyata yakan ɗauki wata 9 zuwa shekara guda kafin ya koma fage.

Wanda ya taso da kokawar gargajiya zai ga abin baƙo. A wurinmu da zarar an kai mutum ƙasa wasa ya ƙare, makaɗa sun ɗauka. A jiujitsu na Brazil, da sambo, da kokawar kamu ta Ingila, faɗuwa ƙasa ce farkon magana.

Kaɗan daga tarihi, domin yana da amfani

Ba yau aka fara jin tsoron kamun nan ba. Judo ta Japan ta hana kamun da ake kira ashi garami, wato sarƙe ƙafa a kulle gwiwa, a gasa tun 1916, kuma zuwa 1925 ba a bar kullen kowace gaɓa ba sai gwiwar hannu. Sambo, wadda Tarayyar Sobiyet ta amince da ita a hukumance a 1938, ta bi wata hanya: a sambon wasanni an yarda da kullen idon sawu da miƙar gwiwa, amma ba a yarda da murɗa diddige ba. 'Yan kokawar kamu na yankin Lancashire a Ingila su ma sun riƙe kullen ƙafa, kuma ta hannun irin su Karl Gotch da Billy Robinson ilimin ya shiga Japan ta ƙofar kokawar nishaɗi.

A Brazil kuwa an daɗe ana yi wa mai kama ƙafa kallon raini, har ana kiransa sapateiro, wato mai gyaran takalmi. Sakamakon haka aka yi ta yaye masu baƙar ɗamara, wato ƙwararru, waɗanda ba su san kai hari a ƙafa ba, ba su kuma san kare tasu ba. Dean Lister, Ba'amurke, ya ci gasar ADCC ta 2003, babbar gasar kokawar kamu ta duniya, a rukunin da babu iyakar nauyi, kuma koci John Danaher yakan ce Lister ne ya tambaye shi dalilin da zai sa mutum ya yi watsi da rabin jikin ɗan Adam. Danaher, mutumin New Zealand da a lokacin yake koyarwa a makarantar Renzo Gracie a New York, ya tsara kullen ƙafa daki-daki, almajiransa Eddie Cummings da Garry Tonon da Gordon Ryan suka yi ta cin gasa da shi. A ADCC ta 2019 Lachlan Giles na Ostareliya, wanda ke wasa a kilo 77, ya murɗe diddigen ƙatti uku da suka fi shi nauyi nesa ba kusa ba, ya ɗauki tagulla a rukunin da babu iyaka. Daga ranar 1 ga Janairu 2021 hukumar IBJJF, mai shirya manyan gasannin jiujitsu na Brazil, ta halatta murɗen diddige ga manya masu ɗamara ruwan ƙasa da baƙa, wato matakai biyu na sama, a wasan da ba a sa riga.

Abin lura shi ne sabon abin da mutanen New York suka kawo ba murɗawar ba ce, wannan tsohuwa ce. Riƙo suka kawo: yadda za ka ɗaure ƙafar mutum da ƙugunsa har ya kasa motsi kafin ka taɓa diddigensa. Kuma wannan riƙon da ya sa suke cin gasa, shi ne dai yake sa a iya atisayen lafiya, domin wanda ya riƙe da kyau ba ya bukatar fizga.

Mataki na ɗaya: yarjejeniya kafin a taɓa juna

Kafin kowane zagaye, ka tambayi abokin wasanka da baki. "Yaya, ƙafa a buɗe take?" Idan ya ce idon sawu kawai, to idon sawu kawai. Idan ya ce gwiwarsa ta hagu tana damunsa, ka manta da ita kamar ba ya da ita. Wannan tambaya ba ta cin daƙiƙa biyar. Baƙon da ya zo daga wata makaranta kuwa, kada ka ɗauka dokarsu irin taku ce.

Sallama, wadda 'yan wasa ke kira taf, ana yin ta ne da tafin hannu a jikin abokin wasa, sau biyu ko uku, da ƙarfi. A kullen ƙafa kawunanku sun yi nisa da juna, kuma sau da yawa fuskarsa tana kallon wani wuri, saboda haka bugun katifa bai isa ba. Ka bugi cinyarsa ko ƙwaurinsa, kuma ka faɗa da baki a lokaci guda: "Taf!" Idan hannayenka a ɗaure suke, baki kaɗai ya wadatar. Ihu ko wane iri sallama ne.

Yaushe za ka sallama? A kullen idon sawu, da zarar ka ji ƙafarka ta miƙe har ƙarshe kuma ba ka da hanyar fita. A murɗen diddige, da zarar abubuwa biyu sun haɗu: gwiwarka tana cikin cinyoyinsa, kuma diddigenka ya zauna a hannunsa. Ba sai ya fara juyawa ba. Na san da ciwo a zuciya ka sallama wa wanda ka girma a wasa alhali ba ka ji komai ba. Ni ma na sha haɗiye wannan. Amma atisaye ba gasa ba ne, babu mai rubuta sakamakon ranar Talata da yamma.

Shi kuma mai kamu, nauyin da ke kansa ya fi. Saki na nufin buɗe hannu nan take, ba sassautawa a hankali ba. Kuma idan abokinka ya ƙi sallamawa saboda taurin kai ko rashin sani, kai ne za ka sake shi, ka gaya masa bayan zagayen. A 2013 UFC, babban kamfanin shirya faɗan da ya haɗa duka da kokawa, ta kori Rousimar Palhares bayan ya ci gaba da riƙe diddigen Mike Pierce alhali an riga an sallama, duk da cewa shi ya ci wasan. Idan fagen da ake biyan kuɗi don a yi faɗa bai lamunci wannan ba, ɗakin atisaye ba shi da hujja.

Mataki na biyu: riƙo ba tare da kamu ba

Nan ne ya kamata ka daɗe, kuma nan ne kowa ke son tsallakewa. Makonni na farko kada hannunka ya nemi kammala komai. Ƙafafunka za ka koya wa aiki.

Fara da ashi garami na asali, wanda a jiujitsu sunan wurin zama ne na riƙe ƙafa, ba kamu ba. Ku zauna kuna fuskantar juna, a ce ƙafarsa ta dama kake nema, wadda ke ɓangaren hagunka. Sa ƙafar tasa a ƙarƙashin hammatarka ta hagu. Ƙafarka ta hagu ta zagayo ta wajen cinyarsa, diddigenka ya zauna a kan ƙashin ƙugunsa na dama, yatsu suna kallon waje. Gwiwarka ta dama ta taso ta tsakanin ƙafafunsa, tafin ƙafar kuma ya ɓuya a ƙarƙashin mazauninsa. Sai ka matse gwiwoyinka biyu a kan cinyarsa, ka jawo mazauninka kusa da nasa har ba sauran fili.

Yanzu ka lura da inda gwiwarsa take. Ka ɗauka akwai layi da ya ratsa tsakanin gwiwoyinka biyu. Idan gwiwarsa tana cikin wannan layi, ta ɓangarenka, ƙafar tana hannunka. Idan ta zame ta fita, ba ka da komai sai ƙwauri, kuma duk abin da ka ja daga nan ƙarfin banza ne. Ana kiran wannan layin gwiwa, kuma kusan dukan ilimin kullen ƙafa, hari da kariya, a kansa yake juyawa. Kocinmu yakan bi mu ɗaya bayan ɗaya yana zura hannu tsakanin cinyarmu da ta abokin wasa. Idan hannun ya shige sai ya ce, "Malam, wannan ai akuya ma ta fita."

Atisayen shi ne: ka shiga riƙon, ka ɗora hannayenka a ƙirjinka ko ka riƙe idon sawunsa sako-sako, shi kuma ya yi ƙoƙarin zare gwiwarsa da rabin ƙarfinsa na daƙiƙa 30. Ku canja. Idan ya tashi tsaye, ka bi shi da ƙugunka sama. Idan ya juya, ka juya tare da shi. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci ga lafiyarsa: wanda ya ƙanƙame ƙafa ya tsaya cik alhali mai ƙafar yana juyawa, ya murɗa gwiwar ko da bai yi niyya ba.

Bayan wannan ya zauna, sai ka san sauran wuraren zama. Akwai ashi na waje, inda ƙafafunka biyu ke haɗuwa a wajen ƙugunsa. Akwai hamsin-hamsin, inda kowannenku ke riƙe da ƙafar ɗan'uwansa daidai wa daida, wanda ya riga ya ɓoye diddigensa ya samu na abokinsa shi ke da rinjaye. Akwai kuma sirdi, inda ƙafafunka ke yin kusurwa uku a kan cinyarsa ta ciki, tsakanin ƙafafunsa. Sirdi ne mafi ƙarfin riƙo a cikinsu, daga nan ake murɗen diddige na ciki. Ka koyi gane su tun kana sabo, ko da ba za ka kai hari daga cikinsu ba, domin ranar da aka sa ka a sirdi ya kamata ka san inda kake.

Abu ɗaya game da doka. A ashi garami, idan ƙafarka ta hagu da ke kan ƙugunsa ta zame ta ƙetare tsakiyar cikinsa, tana tura gwiwarsa ciki alhali ƙafarsa na maƙale a hammatarka. A dokar IBJJF wannan laifi ne da ke iya jawo kora daga wasa, in ban da manyan ɗamara a wasan da ba riga. Ka saba ajiye diddigenka a kan ƙugu tun yanzu.

Mataki na uku: kuɓuta

Kafin ka kulle ƙafar kowa, ka iya fitar da taka. Mai tsoro shi ne mai fizge-fizge, kuma fizge-fizge ke tsinka jijiya.

Daga kullen idon sawu, kariya ta farko ita ce abin da ake kira sa takalmi. Ka tura diddigenka gaba ya wuce ta bayan hammatarsa, ka jawo yatsunka sama zuwa ƙwaurinka, ka ƙanƙame ƙafar kamar kana cusa ta cikin takalmin soja. Wannan ya sayo maka lokaci, ba ya fitar da kai. Da hannunka ka ture ƙafarsa da ke kan ƙugunka zuwa ƙasa, ka ɗaga mazauninka ka tsallake ta, ka matso kansa. Ko kuma ka kama wuyan rigarsa ko bayan wuyansa don kada ya samu kwantawa baya, ka taka ƙasa da ƙafar da aka kama ka ɗora mata nauyi. Ƙafar da ke ɗauke da nauyin mutum tana da wuyar kullewa.

Ga inda mutane ke ruɗewa: a murɗen diddige, sa takalmi shi ne kuskure, domin yana fito da diddigen fili kamar mariƙin buta. A nan akasin haka ake yi. Ka miƙe yatsunka tsaf su yi layi ɗaya da ƙwauri, ka juya ƙafar yadda diddigen zai manne da haƙarƙarinsa ya ɓuya. Sannan ka kama hannunsa da hannayenka biyu, domin wanda bai haɗa hannu ba bai gama kamu ba. Da ƙafarka da ba a kama ba ka taka mazauninsa ko bayan cinyarsa, ka tura, ka ja jikinka baya har gwiwarka ta fita daga layin. Da gwiwa ta fita, an gama.

Maganar wuntsilawa kuwa, ƙa'idarta ita ce gwiwa ta bi inda ake tura yatsu. Idan ka juya ta ɗaya ɓangaren, kai da kanka ka kammala masa kamun da nauyin jikinka duka, abin da ya sami mutumin da na faɗa a farko ke nan. Ko juyawa ta daidai ma ba ta da amfani idan ƙafafunsa sun danne ƙugunka. Wannan abu ne da ba na so kowa ya koya daga rubutu, har da nawa. Koci ya riƙe ƙafarka da hannunsa, a hankali, ya nuna maka ɓangaren sau ashirin a dama, sau ashirin a hagu, har jikinka ya haddace. Kafin nan, idan diddige ya kamu, ka sallama kawai.

Mataki na huɗu: kullen idon sawu na miƙe

Shi ne kamu na farko da ya kamata ka koya, kuma shi kaɗai IBJJF ta yarda wa manya masu farar ɗamara da shuɗiya da shunayya a ƙafa. Yara 'yan ƙasa da shekara 16 ko shi ba a ba su ba. Dalilin fara da shi a fili yake: yana da zafi da wuri, saboda haka yana ba da gargaɗi.

Daga ashi garami ɗin da ka riga ka iya, hannunka na hagu ya zagaye ƙafarsa ta ƙasa. Kaifin ƙashin hannunka, na ɓangaren babban yatsa kusa da tsintsiyar hannu, shi zai zauna a kan jijiyar agara, can ƙasa dab da diddige. Sababbi sukan zura hannu har gwiwar hannu, su kama tsokar sharaɓa, su yi ta matsa nama a banza. Jawo hannun sama zuwa ƙirjinka, ɗaya hannun ya tallafe shi, gwiwar hannunka ta matse baya yadda yatsun ƙafarsa za su maƙale a bayan hammatarka. Kwanta a kan kafaɗarka ta hagu. Daga nan ka tura ƙugunka gaba, ka bankare ƙirji, ka waiwaya kamar mai duban wani a bayansa.

A atisaye ka ƙirga uku a zuci tsakanin fara matsi da ƙarshensa. Idan kamun bai ci ba sai ka fizga, to wani abu bai zauna daidai ba, ka koma ka duba gwiwoyinka da wurin da hannunka yake. Kada ka faɗa baya da ƙafar mutum a hammatarka kamar an sare itace. Ka zauna tukuna, ka riƙe, sannan ka matsa.

Ni a ganina wata shida a kan wannan da matakan da suka gabata ba su yi yawa ba.

Mataki na biyar: miƙar gwiwa da lanƙwasar ƙafa

Waɗannan biyun IBJJF ta ajiye su ga ɗamara ruwan ƙasa da baƙa. Miƙar gwiwa kamar kullen hannu take, sai dai a ƙafa: ka rungume ƙafar, ƙugunka a saman ƙoƙon gwiwarsa, ka riƙe diddige, ka tura ƙugu a hankali. Haɗarinta a shiga yake, lokacin da mutum ya juya ya faɗa da nauyinsa a kan miƙaƙƙiyar ƙafa. Lanƙwasar ƙafa kuwa, wadda ake kama gefen ƙaramin yatsa a naɗe ƙafar ciki, tana cin jijiyoyin wajen idon sawu, kuma idan gwiwa a lanƙwashe take ƙarfin yana haurawa zuwa gefenta. Hannu biyu a kan 'yar ƙaramar gaɓa ne, tazararta gajeriya ce ƙwarai. Da wuyan hannu ake yin ta a atisaye, ba da kafaɗa ba.

Mataki na shida: murɗen diddige

Iri biyu ne. A na waje, ana juya diddige waje yatsu su kalli ciki, ƙarfin yana sauka a idon sawu da gefen gwiwa na waje. A na ciki, diddige na juyawa ciki yatsu su kalli waje, ƙarfin yana tafiya kusan kai tsaye zuwa MCL da ACL. Na cikin ne aka fi tsoro.

Hanyar koyonsa ita ce kama-ka-saki. Ka shiga riƙo, ka danne ƙugunsa, ka tono diddigen har ya zauna a kan tsintsiyar hannunka, yatsunsa a hammatarka. Ka tsaya nan. Ka dubi fuskarsa, ka ƙirga uku, ka saki, ku ci gaba da wasa. Idan ka iya riƙe mutum daƙiƙa uku a haka bai motsa ba, ku biyun kun san wanda ya ci. A watannin farko ma kada ka haɗa hannayenka, ɗaya hannun ya tsaya a buɗe. Idan kuma ka ji ya fara wuntsilawa, ta daidai ko ta kuskure, buɗe hannunka ka bar shi ya tafi. Za ka sake kama shi gobe.

Yadda ake kammalawa ana koyonsa ne a zaune, ba a cikin zagaye ba, da abokin da ka yarda da shi, koci na tsaye a kanku. Shi wanda aka kama shi ke jan ragama: "Ƙara kaɗan. Ƙara. Tsaya." A nan ne zai san yadda matsin yake kafin ɓarna, kai kuma ka ga ƙanƙantar motsin da ake bukata. Yawancin mutane sukan yi mamaki.

Kada a yi shi da wandon riga mai kauri ko da takalmi. Yadi da takalmi suna hana ƙafa zamewa, sai duk ƙarfin ya tafi gwiwa. Kada a yi shi da wanda bai kai mataki na uku ba. Kada kuma a yi shi a zagayen ƙarshe lokacin da kowa ya gaji, hankali ya tafi wurin ruwan sha.

Shiga ta fi kamu haɗari

Wannan ra'ayina ne, amma na ga abin da ya ishe ni: nauyin jiki da ke faɗowa ba tare da iko ba ya fi kamun kansa ɓarna. Babban misali shi ne kani basami, kayen almakashi, inda mutum ke tsalle ya sa ƙafa ɗaya a gaban cinyoyinka ɗaya a bayan gwiwoyinka. A 1980 Sumio Endo ya karya wa Yasuhiro Yamashita, gwarzon judo na Japan, ƙashin ƙwauri na waje da shi, daga baya judo ta haramta shi. Idan irin Yamashita bai tsira ba, kai da abokinka ku bar shi. Ku shiga ƙafa daga zaune, mazauni a ƙasa, ku ɗaga abokin wasa ku shige ƙarƙashinsa maimakon ku faɗa masa a gefen gwiwa.

Ku duba katifa ma. Irin wadda ake haɗawa gunduwa-gunduwa idan ta buɗe tana cafke yatsa, mutum ya juya ƙafa ta ƙi binsa. Kuma ku ba juna fili, domin wasu biyu da ke birgima a gefe suna iya faɗowa a kan ƙafar da ke miƙe.

Idan abin ya faru

Ka ji ƙara, ko gwiwa ta yi kamar ta goce ta dawo: ka tsaya a nan. Kada ka tashi ka yi tsalle don gwadawa, kuma iya takawa ba shaidar lafiya ba ce. Sa ƙanƙara a cikin tsumma minti 15 zuwa 20, naɗe da bandeji ba da matsi sosai ba, ɗaga ƙafar sama. Kumburin da ya taso cikin 'yan sa'o'i alama ce ta jini a cikin gaɓar, kuma ya isa dalilin ganin likitan ƙashi. Haka idan gwiwar ta maƙale ta ƙi miƙewa, ko tana sullewa idan ka taka, ko ka kasa yin taku huɗu. Idan ƙafar ta yi sanyi, ta canja launi ko ta mutu ba ka jin ta, wannan na gaggawa ne, a tafi asibiti a daren.

Hoton ƙashi na yau da kullum ƙashi yake nunawa, ba ya nuna jijiya. Ana iya ce maka babu karaya alhali ACL ta tafi. Gwajin hannu na likitan da ya san aikin, da hoton MRI, su ke tabbatarwa. Wanda ke kusa da Kano yana da Asibitin Ƙashi na Dala. Na san da yawanmu wurin maɗori za mu fara zuwa, amma jijiyar da ta tsinke a tsakiyar gwiwa ba ta ɗoruwa da ja ko murza da ruwan zafi, kuma jan yana iya ƙara yaga abin da ya rage. Sannan kada ka sha maganin kashe zafi, balle tiramadol, don ka samu shiga atisaye. Ɗan gargaɗin da gwiwar ke bayarwa, wanda dama bai da yawa, shi ka kashe.

Dawowa kuma da izinin likita ko mai gashin ƙashi ne, kuma daga mataki na biyu za ka faro, riƙo kawai da rabin ƙarfi. Mutumin nan namu da ya dawo bayan wata goma sha ɗaya, jan filasta ya riƙa naɗawa a idon sawun ƙafar da aka yi wa aiki, don duk wanda ya kai hannu ya gani. Yaron da ya ji masa ciwo shi ya zama abokin atisayensa na farko, kuma kusan wata biyu ba abin da suke yi sai zare gwiwa daga layi, daƙiƙa 30, su canja.